Hanyar zama likitan sankara mai bincike: amsa ga wata uwa a Kaduna

"Assalamu alaikum, likita. Ni uwa ce a Tudun Wada, Kaduna. 'Yata tana aji biyar a karatun likita a Zariya. Tun da ƙanwata ta rasu da sankarar mama tana da shekara 38, yarinyar nan ta kafe cewa ita likitar sankara za ta zama, kuma mai bincike, kamar wata Farfesa Olopade da ke Amurka. Wace ce wannan matar, me ta yi har ake ambatonta? Shekara nawa karatun zai ci? Dole ne sai ta fita waje? Mahaifinta kuma yana ganin gara ta zaɓi fannin da ba a yawan mutuwa a hannun mutum."

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan ƙanwarki, ya sa jinyar da ta sha ta zame mata kaffara, ita kuma yarinya Allah ya yi mata albarka. Kina son sanin tarihin matar, da tsawon hanyar, da ko sai an bar ƙasa kafin a kai inda ta kai, ga kuma damuwar mahaifinta. Akwai wani abu da ba ki tambaya ba amma yana cikin wasiƙarki, wato shekarun da marigayiya ta rasu. Zan zo kansa, domin ya shafe ku duka.

Wace ce Farfesa Olopade

Sunanta Olufunmilayo Olopade, an haife ta a Najeriya a 1957. A Jami'ar Ibadan ta yi karatun likita, ta gama a 1980, irin digirin da 'yarki ke kai yanzu. Ta yi aiki a asibitin sojojin ruwa, sannan a 1983 ta tafi Amurka ta shiga horon ƙwarewa kan cututtukan manya a asibitin Cook County da ke Shikago, asibitin gwamnati da talakawan birnin ke zuwa, da yawansu baƙaƙen fata. Daga nan ta wuce Jami'ar Shikago ta ƙware kan cututtukan jini da sankara. A can ta yi aiki da Janet Rowley, matar da ta gano a 1973 cewa wani nau'in sankarar jini yana faruwa ne idan kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 9 da na 22 suka yi musayar gutsure. Wannan ganowa tana cikin tushen maganin imatinib, wanda ya mai da cutar da ke kashewa cikin 'yan shekaru ta koma cutar da ake rayuwa da ita ana shan ƙwaya.

Aikin Olopade na farko a ɗakin gwaji shi ma kan kuromosom na 9 ne. Ta nuna cewa akwai wani yanki da ke ɓacewa a ƙwayoyin sankara iri-iri, daga baya aka gano cewa a wurin ne wata ƙwayar gado mai hana ƙari girma take. A 1991 jami'ar ta ɗauke ta malama, a 1992 ta buɗe asibitin duba iyalan da sankara ke yawo a cikin jininsu. Ki lura da lissafin: shekara goma sha ɗaya tsakanin gama digiri da samun kujerar kanta.

Abin da ya fito da sunanta shi ne tambayar da ta ɗauko daga gaban gadon majinyata. A littattafan Turawa, sankarar mama cuta ce ta matan da suka haura sittin. Ita kuwa tana ganin baƙaƙen mata 'yan talatin da arba'in suna zuwa da ƙari mai saurin girma, kamar yadda ta saba gani a gida. Sai ta ƙulla aiki da likitocin Ibadan tun ƙarshen shekarun 1990, ana tattara jini da tsoka da tarihin iyali na mata masu cutar da marasa ita. A 2005 aka ba ta kyautar MacArthur, a 2011 Shugaba Obama ya sa ta a kwamitin ba da shawara kan sankara na ƙasar, a 2021 aka zaɓe ta cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka. Lambobin yabo suna da daɗin ambato, amma abin da ya kamata 'yarki ta karanta shi ne binciken kansa.

Abin da binciken ya nuna

A jikin kowa akwai ƙwayoyin gado biyu da ake kira BRCA1 da BRCA2, aikinsu gyara DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, idan ta lalace. An gano ta farko a 1994, ta biyu a 1995. Macen da ta gaji ɗaya daga cikinsu a gurɓace, haɗarin kamuwarta da sankarar mama kafin shekara 80 yakan kai kusan kashi 70 cikin ɗari, ga kuma haɗarin sankarar ƙwan mahaifa. Ana gadonta ta wajen uwa ko ta wajen uba, kuma kowane ɗa ko 'ya yana da rabin yiwuwar ɗauka.

A 2018 Olopade da abokan aikinta suka fitar da sakamakon gwajin mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan da mata 997 marasa ita. Kashi 14.7 na masu cutar suna ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado, kashi 7 a BRCA1, kashi 4.1 a BRCA2, sauran a wasu ƙwayoyin. A cikin marasa cutar bai kai kashi 2 ba. Wannan adadi ya ɗara abin da aka saba samu a Turai da Amurka, kuma ma'anarsa a aikace ita ce kusan mace ɗaya cikin bakwai da ke zaune a layin asibitin tana da 'yan'uwa a gida da ya kamata a fara dubawa tun ba su ji komai ba. Sai dai iyakar binciken a fili take: matan Ibadan ne, yawancinsu Yarabawa. Ba a ɗauko adadin a liƙa wa matan Zazzau ko Katsina kai tsaye, sai an gwada su. Wannan kaɗai aiki ne da ke jiran wani.

Ɗaya binciken nata ya fi wannan tayar da ƙura, kuma a ganina ya fi koyar da ɗalibi. A 2009 suka duba tsokar mata 507 daga Najeriya da Senegal, suka samu cewa kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarin ba su da mazaunin istirojin, wato gurbin da wannan sinadari na jikin mace ke maƙalewa a ƙwayar ƙarin. Wannan magana ce ta magani. Ƙarin da ke da mazaunin yana girma ne da istirojin, don haka ana ba mace tamoxifen, miligiram 20 kullum na shekara biyar zuwa goma, magani mai araha da ke rage dawowar cutar sosai. Wanda ba shi da mazaunin, tamoxifen ba ya yi masa komai, sai kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. Amma wani binciken daga Ibadan ɗin kanta, inda aka kula da tsokar tun daga ɗakin tiyata, ya samu kusan kashi biyu cikin uku suna da mazaunin. Gari ɗaya, sakamako ya sha bamban haka.

Wani ɓangare na bambancin yana cikin robar da ake saka tsokar. Ƙa'ida ita ce tsokar da aka yanko ta shiga ruwan fomalin, mai hana nama ruɓewa, cikin awa ɗaya, fomalin mai ƙarfin kashi 10 da aka daidaita tsaminsa, yawansa ya ninka girman tsokar sau goma, ta zauna a ciki daga awa 6 zuwa 72. Idan nono ne gaba ɗaya aka cire, sai an tsattsaga shi kafin a tsoma, domin fomalin a hankali yake ratsa nama, tsakiyar takan ruɓe kafin ya isa. Abin da muke gani yana zuwa daga wasu ƙananan asibitoci kuwa shi ne nono a dunƙule cikin bokitin roba, ruwan bai rufe shi ba, wani lokaci ma an surka fomalin da ruwan famfo, an miƙa wa mijin ya hau mota da shi bayan kwana huɗu. Mazaunin istirojin furotin ne, ya riga ya lalace. Gwaji zai ce babu, a hana mace maganin da zai amfane ta, sannan wani ya tattara irin waɗannan sakamakon ya buga a mujalla da sunan halittar matan Afirka. Gaskiya ne cewa nau'in sankarar mai tsanani ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, bincike da dama sun tabbatar. Amma yawansa daidai ba ya fitowa sai inda aka gyara wannan matakin. Shi ya sa a cikin ayyukan Olopade na fi girmama ƙoƙarin da ta sa wajen inganta gwajin tsoka a Ibadan da horar da mutanen gida su yi da kansu.

Matakan a nan gida

'Yarki tana da sauran shekara ɗaya ta gama MBBS, wato digirin likita. Bayan rantsuwa za ta yi shekara ɗaya ta horon sabon likita, wata uku-uku a sashen manya, tiyata, yara, da na mata da haihuwa, sannan hukumar likitoci ta MDCN ta ba ta cikakkiyar rajista. Sai shekarar bautar ƙasa. A cikin waɗannan shekaru biyu ya kamata ta zauna jarrabawar share fage ta ɗaya daga kwalejojin ƙwarewa: Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko kwalejojin Afirka ta Yamma, ta likitocin tiyata da ta likitocin magani. Shawarata ta rubuta da wuri, tun ilimin sassan jiki da na cututtuka bai dushe mata ba. Waɗanda suka jinkirta suka shiga aikin asibiti mai zaman kansa su ne suka fi shan wahalarta.

Da wannan sakamakon take neman gurbi a asibitin koyarwa da aka amince ya horar a fannin. Shekara biyu zuwa uku na farko tana ƙaramar likita mai neman ƙwarewa, ta zauna jarrabawar kashi na ɗaya. Idan ta ci, ta ƙara wasu biyu zuwa uku, ta yi bincike ta rubuta kundi, ta kare shi a jarrabawar kashi na biyu. Daga nan ta zama kwansaltan, wato cikakkiyar ƙwararriyar likita. Idan komai ya tafi daidai, daga yau shekara bakwai zuwa tara ne. A zahiri ku sa goma a rai, domin jiran gurbi, yajin aiki, da faɗuwa jarrabawa sau ɗaya duk abubuwa ne da ke samun haziƙai ma. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne daga horon sabon likita zuwa sama albashi take karɓa, ba ku za ku ci gaba da biya ba. Sharuɗɗan kwalejojin sukan canja, don haka ta duba na shekarar da za ta rubuta.

Kalmar "likitan sankara" kuma ba mutum ɗaya take nufi ba, kuma nan ne ɗalibai ke ruɗewa. A tsarinmu, wanda aka fi kira da wannan suna shi ne mai haɗa gashi (ƙona ƙari da hasken na'ura) da kemo. Shi ke zana wurin da hasken zai bi a hoton sikan, ya ƙayyade yawansa, ya rubuta kemo, ya bi majinyaci har ƙarshe. Irin waɗannan likitoci a ƙasar nan ba su kai ɗari ba a ƙididdigar da ake ambatawa a 'yan shekarun nan, alhali hukumar binciken sankara ta duniya ta ƙiyasta sababbin masu kamuwa kusan 128,000 a Najeriya a 2022, da mutuwar kusan 80,000. Sankarar mama kaɗai ta haura 32,000. Sankarar jini da ta kaluluwa kuwa likitocin jini ke riƙe da su, kuma wannan ce hanyar da ta fi kusa da wadda Olopade ta bi. Akwai likitan tiyata, akwai likitan mata mai sankarar bakin mahaifa da ta ƙwan mahaifa, akwai likitan yara. Sai likitan gwajin tsoka, wanda majinyaci ba ya ganinsa amma ba a fara magani sai da sa hannunsa. Idan ƙwayoyin gado ne ke jan hankalin 'yarki, ta dubi fannin jini ko na gwajin tsoka da kyau. Idan zama da majinyaci ne, gashi da kemo.

Domin ki ga irin aikin, ɗauki mace mai sankarar bakin mahaifa da ta wuce tiyata. Za a gasa ta daga waje kwana biyar a mako na mako biyar, ana ƙara mata maganin kemo mai suna cisplatin sau ɗaya a mako gwargwadon tsawonta da nauyinta, sannan a yi gashi na ciki, inda ake saka tushen hasken dab da ƙarin. Duka ana so a gama cikin mako takwas. Kowace rana da aka ƙara bayan haka tana rage yiwuwar kashe ƙarin, domin ƙwayoyin da suka tsira suna hayayyafa da sauri a tsakani. Saboda haka idan na'ura ta tsaya mako biyu, ko kuɗin mota ya yanke wa matar da ke zuwa daga Birnin Gwari, ko jininta ya yi ƙasa ba a samu mai bayarwa ba, likita ne zai sake lissafi ya nemo mafita. Mai karɓar kemo kuma, tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye ƙwayoyin garkuwar jikinsa suna ƙasa ƙwarai. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan lokaci na gaggawa ne, ana son allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jijiya cikin awa ɗaya. Mun rasa mutane da dama saboda an ɗauka maleriya ce aka tsaya kemis.

Sai an fita waje?

Domin zama ƙwararriyar likitar sankara, a'a. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da cibiyar gashi da sankara, kuma yana cikin asibitoci shida da gwamnatin tarayya ta fara da su a asusun tallafa wa masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta furostet (gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza). A cikin garin Kaduna ga Barau Dikko, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa inda ake kai yara masu sankarar ido, ga Cibiyar Kunne ta Ƙasa inda ƙarin hanci da maƙogwaro ke zuwa. Wanda ya yi horo a wannan yanki zai ga majinyata iri-iri da yawa, hannunsa zai faɗa.

Bincike kuwa iri biyu ne. Wanda ke buƙatar karanta DNA, da firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili da ba ta yanke wuta, da kuɗin sinadarai a dala, yana da wuya a koye shi sosai ba tare da an je inda ake yinsa kullum ba. A nan fita ta shekara ɗaya zuwa uku bayan jarrabawar kashi na ɗaya ko na biyu tana da amfani, ko digirin digirgir da aka raba tsakanin jami'ar gida da ta waje. Wannan daban yake da tattara kaya gaba ɗaya. Mai son bin sawun Olopade sak zai rubuta jarrabawar USMLE ta samun lasisin likita a Amurka, ya sake horon shekara uku kan cututtukan manya, ya ƙara uku kan jini da sankara, kuma yawancin waɗanda suka bi wannan hanya can suke zama. Ba na zargin kowa, kowa da uzurinsa. Ra'ayina dai shi ne wadda ta kafu a gida kafin ta fita tana tafiya da tambayarta, da majinyatanta, da kujerar da za ta dawo mata, kuma masu ba da tallafin bincike irin wannan suke nema.

Ɗaya nau'in binciken yana buƙatar rajista mai tsabta da haƙuri ne kawai, kuma tarihi ya nuna ba ƙarami ba ne. Denis Burkitt likitan tiyata ne a Uganda da ya lura da yara masu kumburin muƙamuƙi, ya bayyana cutar a 1958, ya bi taswirar inda take ya ga tana bin wuraren zafi da ruwan sama, inda maleriya ta yi katutu. Daga tsokar irin waɗannan yara aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, ta farko da aka danganta da sankara a ɗan'adam. Victor Ngu, ɗan Kamaru da ke aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka nuna cewa kemo na narkar da wannan ƙari, ya samu kyautar Lasker a 1972 yana aiki a Afirka.

Tambayoyin da ke gabanmu a Arewa ba su ƙare ba. Sankarar mafitsara a garuruwan da ke bakin madatsun ruwa da fadamu, inda yara ke tashi da tsargiya. Sankarar hanta a samari 'yan talatin, inda ciwon hanta nau'in B ya haɗu da gubar fumfuna da ke cikin gyaɗa da masarar da ba ta bushe da kyau ba. Sankarar fata a zabiya. Wata nawa mace ke yi tsakanin ranar da ta ji ƙullutu da ranar da aka yanki tsoka, kuma a ina lokacin ke tafiya: a gida, wurin mai magani, ko a hannunmu mu ma'aikatan lafiya da muka yi ta ba ta maganin ƙurji? An fara rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, Kaduna ta shiga a zagaye na biyu a 2024. Su wa suka karɓa, su wa suka ƙi, me ya sa? Kowace ɗaya a cikin waɗannan ta isa kundin kashi na biyu.

Abin da ke kashe irin wannan bincike sananne ne. Na farko, fara tattara bayanai kafin kwamitin ɗa'a na asibiti ya amince, wanda ke sa mujallar kirki ta ƙi karɓa ko da aikin ya yi kyau. Na biyu, fayil ɗin da ba a rubuta matakin cutar ba, domin ba a kwatanta sakamakon magani idan ba a san ko mataki na biyu ne ko na huɗu ba. Na uku, kuma shi ya fi yawa, ɓacewar majinyata. A fara da mata ɗari biyu, bayan shekara biyu a san labarin sittin, sauran ba a san ko sun warke, ko sun koma wani wuri, ko sun rasu ba. Maganinsa tun ranar farko ne: a karɓi lambar waya uku, ta majinyaciya, ta miji ko ɗa, da ta wani ɗan'uwa da ba gida ɗaya suke ba, a rubuta unguwa da sunan mai unguwa, a ware kuɗin kira a cikin kasafi. Takardar neman amincewa kuma a rubuta ta da Hausar da tsohuwa za ta gane, a karanta mata, a bar ta ta yi shawara da mijinta idan ta so, amma amincewar tata ce. Tun yanzu 'yarki za ta iya zuwa sashen gwajin tsoka ta nemi malamin da ke kula da rajistar sankara ta ce tana son taimakawa, ta kuma koyi lissafin ƙididdiga da gaske. Likitoci da yawa suna da bayanai a ajiye, abin da ya hana su bugawa kenan.

Damuwar mahaifinta

Alhaji bai yi kuskure ba, ana mutuwa a wannan fanni, musamman a nan inda mafi yawan majinyata ke zuwa a mataki na uku ko na huɗu. Amma hoton bai cika ba. Sankarar mama da aka kama a mataki na farko, fiye da tara cikin goma suna haura shekara biyar inda magani ya samu. Sankarar Burkitt, da ta ƙodar yara, da ta maraina, da wadda ke biyo bayan cikin da ya lalace ya zama ƙari, duk ana warkar da su. Wanda kuma ba zai warke ba, akwai aiki a kansa: mofin na sha, maganin kashe zafi mai ƙarfi, duk bayan awa huɗu yana sa mutumin da ya yi wata bai runtsa ba ya yi barci, gashi sau ɗaya tak yana rage zafin ƙashin da cuta ta ci, ya samu ya yi sallah ya yi wasiyya cikin hayyacinsa. Ba kowane likita ke iya ɗaukar wannan ba, kuma ba a gane mai iyawa daga nesa. Ta nemi a tura ta sashen na wasu makonni lokacin horonta, ta zauna a ranar da ake gaya wa iyali sakamako. Bayan nan ita da kanta za ta sani, kuma idan ta canja ra'ayi babu abin kunya.

Iyaye mata sukan tambaye ni batun haihuwa. Na'urar gashi ta zamani ba ta fitar da haske sai an kunna ta, kuma lokacin ma'aikata suna waje, bayan katanga mai kaurin gaske. Kowa yana saƙale da ɗan ma'aunin da ke ƙirga hasken da ya taɓa shi. Mai juna biyu tana sanarwa da wuri a ɗauke ta daga gashi na ciki da haɗa magungunan kemo. Mata da yawa sun yi aure sun haihu a tsakiyar horon. Abin da suka fi buƙata shi ne miji da dangin da suka fahimci kwanan asibiti da watannin jarrabawa, don haka a yi wannan magana a fili da duk wanda ya fito.

Sai batun ƙanwarki. Sankarar mama kafin shekara 40 tana cikin alamun da ke sa mu tambayi tarihin iyali, ko da yake mafi yawan masu ita ba gado suka yi ba. Ku zauna da 'yarki ku rubuta dangi na ɓangaren mahaifiyarki da na mahaifinki har kakanni: wa ya yi sankarar mama, ta ƙwan mahaifa, ta furostet ko ta gaɓar da ke bayan tumbi da ake kira fankiriyas, yana da shekara nawa, nono ɗaya ne ko biyu, akwai namiji a ciki. Wanda aka ce "ciwon ciki" ko "daji" ne ya kashe shi, a rubuta haka yadda aka ji. Ke 'yar'uwarta ce ta jini, don haka haɗarinki ya ɗara na sauran mata ko da ba a samu kowa ba bayan ita. Ki je asibitin koyarwa da takardar a duba ki, a tsara miki hoton mama duk shekara. 'Ya'yan marigayiya mata su ne suka fi kusa: a al'ada ana fara sa musu ido shekara goma kafin shekarun da aka gano cutar a jikin mahaifiyarsu, wato tun suna ashirin da wani abu. Gwajin BRCA ana yinsa ta wasu dakunan gwaji masu zaman kansu, da tsada, kuma kada a yi shi sai likita ya zauna da ku ya bayyana abin da za a yi idan ya nuna akwai da abin da za a yi idan ya nuna babu. Idan takardun asibitin marigayiya suna nan, musamman sakamakon gwajin tsoka, ku tafi da su.